Kundin aikin gyaran shafin masu rubuta manhaja, Mayu zuwa Yuni 2025

Litinin, 5 ga Mayu

Yau muka fara kwashe ƙorafe-ƙorafen da suka taru. Shafin namu wuri ne da mai rubuta manhaja zai manna kod ɗin da ya ƙi yi masa aiki, wasu su duba su nuna masa inda matsalar take. Ƙorafi kuwa ya warwatse a wurare uku: imel, fom ɗin tuntuɓa, da saƙonnin da ake tura wa masu kula kai tsaye. Aikin yau shi ne tattara su wuri ɗaya a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja suke ajiye kod da rahotannin matsala, kowanne da lambarsa da lakabinsa: tangarɗa, buƙata, ko tambaya.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda ƙwararru suke kawo rahoto. Mutumin da zai tsare sabon shiga da faɗa don bai kawo saƙon kuskure ba, shi ne zai rubuto mana "shafinku ya lalace" ya yi gaba abinsa. Babu sunan burauza, babu shafin da yake kai, babu abin da ya danna. Wasu kuma ba sa faɗin abin da ya same su, maganin da suka yanke kawai suke turowa: ku canza rumbun bayananku, ku sake rubuta komai da wani yaren. Sai an lallaɓa mutum kafin ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Mun yi yarjejeniya ɗaya tsakaninmu. Bugzilla, manhajar bibiyar tangarɗa da Mozilla ta saki a 1998, tana da hukuncin WORKSFORME, wanda ake rufe rahoto da shi idan mai gyara ya gwada bai ga matsala ba. Mu ba za mu rufe rahoto a kan wannan hujja ba sai mun gwada a irin na'urar mai ƙorafin. Kwamfutocin masu gyara sababbi ne, intanet ɗinsu mai sauri, allonsu faffaɗa. Yawancin masu karanta shafin ba haka suke ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Da na gama jera rahotannin, sai na ga wani abu da ba ya fitowa idan ana karanta su ɗaya-ɗaya. Kaso mai tsoka daga cikinsu, duk da kowanne da kalar kukansa, magana ɗaya suke yi: abin da mutum ya manna ba shi ne yake fitowa ba. Wani ya ce `__init__` ɗinsa ya koma init da baƙin rubutu mai kauri. Wani ya rubuta `List<String>` ya tarar da List tsirara. Wata ta manna sharhin Python mai farawa da `#` ya zama ƙaton kanun labari a tsakiyar tambayarta. Mai lissafin `2*3*4` kuma ya ga 234, ukun a karkace.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake tangarɗa a ma'anar da aka saba. Markdown ne, tsarin da shafin yake amfani da shi wajen ƙawata rubutu da alamomi, yake yin abin da aka gina shi ya yi. John Gruber ya fito da shi a 2004 don masu rubutun zube, inda tauraro da layin ƙasa suke nufin a jaddada kalma. A wajen mai kod kuwa waɗannan alamomi ne na aiki. Shi kuma `<String>` ana ɗaukarsa alamar HTML ce, wato yaren da ake gina shafukan intanet da shi, mai tace HTML ya ga bai san ta ba, ya cire.

Amsa mafi sauƙi ita ce a ce wa mutane su koyi saka kod tsakanin alamomin ``` guda uku. An daɗe ana faɗa musu. Wanda yau ya fara koyon Python, ya kwana yana fama da madauki, ba shi da sararin koyon wani tsarin rubutu kafin ya yi tambaya. Idan tambayar ta fito a dagule, masu amsa suna ganin kod ɗin ne ba daidai ba, su yi ta gyara kuskuren da shafin ya ƙirƙira. Na ga zare guda da mutane suka yi ta musu a kan jeren layukan da mai tambayar bai taɓa rubutawa haka ba.

Na haɗa duk waɗannan ƙarƙashin babban aiki ɗaya. Shi za mu fi ba ƙarfi.

Talata, 13 ga Mayu

Fom ɗin kai rahoto ya sauya. An so a saka masa gurabe da yawa, na ƙi. Fom mai tsawo yana tace mutane ne, masu haƙuri su cike, sauran su tafi da matsalarsu. Gurabe uku muka bari: me ka yi, me ka zata zai faru, me ya faru. Sunan burauza da girman allo da adireshin shafin, fom ɗin yana ɗauka da kansa, yana nuna wa mutum abin da ya ɗauka, kuma yana iya gogewa kafin ya tura.

Laraba, 14 ga Mayu

Rahoto mai kyau ya shigo ta sabon fom ɗin. Wani ya rubuta doguwar amsa, ya tura, ya tarar rabin ta ɓace. Ya manna mana ainihin rubutun da abin da ya fito, ya ƙara da cewa ya lura inda aka yanke daidai yake da inda ya saka fuskar murmushi.

Da wannan jimla ɗaya ya gama mana bincike. Teburin amsoshi tsoho ne, yana kan tsarin haruffan da MySQL, manhajar rumbun bayananmu, yake kira `utf8`, wanda bayit uku ne iyakarsa ga kowane harafi. Imoji, irin fuskar murmushin nan, bayit huɗu yake ci. Idan rumbun ba ya kan yanayin tsanantawa, ba ya ƙin karɓar rubutun: yana ajiye abin da ya gabaci imojin, ya zubar da sauran, ya bar gargaɗin da babu mai karantawa. Da yana kan yanayin tsanantawa, da kuskure mai lamba 1366 ya fito tun ranar farko. Cikakken tsarin shi ne `utf8mb4`, wanda ya zo a sigar 5.5.3 a 2010, ya kuma zama na asali a sigar 8.0.

Mun koma tsofaffin rahotanni muka tarar da irinsa da dama, an rubuta su da sunaye daban-daban: "amsata ta ɓace", "masu kula suna yanke min rubutu", har da wanda ya rantse ana tauye masa baki ne saboda ra'ayinsa. Shi ma imoji ne.

Sauya teburin ba a yin sa da garaje. Tsohon tsarin jere na InnoDB, injin da MySQL yake ajiye tebura da shi, yana da iyakar bayit 767 ga fihirisa, wato haruffa 191 idan kowanne zai iya cin huɗu, don haka ginshiƙan da suke da 255 sai an fara mayar da teburin tsarin DYNAMIC, mai kaiwa 3072. Haɗin da ke tsakanin manhajar da rumbun shi ma sai an sauya shi, in ba haka ba tebur ya gyaru, rubutu ya ci gaba da lalacewa a hanya. Za mu gwada a kan kwafin ajiya tukuna.

Rubutun da ya riga ya yanke ba ya dawowa. Rumbun bai taɓa ajiye shi ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Sauyin `utf8mb4` ya shiga cikin dare, lafiya lau. An kunna yanayin tsanantawa.

Mun dawo kan Markdown. A nan muka gano dalilin ƙorafin da ya fi ɓata wa mutane rai, wato "a samfoti ya yi daidai, da na tura ya lalace". Masu fassara Markdown biyu ne a shafin: ɗaya a burauza yana nuna samfoti, ɗaya a saba, wato kwamfutar da take ɗauke da shafin, yana shirya abin da za a ajiye. Ba su yarda da juna ba a wurare da yawa. Na sabar yana karkatar da tsakiyar suna irin `sunan_mai_amfani`, na burauzar ba ya yi. Na sabar yana ɗaukar `#include` a matsayin kanu, na burauzar yana buƙatar tazara bayan alamar. Irin wannan saɓani ne ya haifar da CommonMark a 2014, ƙa'ida rubutacciya mai ɗauke da ɗaruruwan misalai na abin da ya kamata kowane rubutu ya koma.

Shawarar da muka tsaya a kai: duka ɓangarorin su bi CommonMark, kuma samfotin ya fito daga saba, don ya zama baki ɗaya ne yake magana. Wannan yana ƙara ɗan jinkiri ga mai intanet mara ƙarfi, na sani. Na gwammace samfoti mai jinkirin rabin daƙiƙa da mai sauri amma maƙaryaci.

Sauran magana ita ce tsofaffin rubuce-rubuce. Idan aka sake fassara su da sabon tsari, wasu za su gyaru, wasu da mutane suka sha wahala suka daidaita da tsohon za su ɓaci. Abokin aikina ya rubuta ɗan shirin da yake fassara kowane rubutu da tsarin biyu ya ware waɗanda suka bambanta. Waɗannan da ido za a bi su.

Litinin, 26 ga Mayu

Ƙanana guda biyu. Hotunan allo daga waya suna ƙin hawa ba tare da wani bayani ba: iyakar asali ce ta nginx, manhajar da take karɓar buƙatu a sabarmu, megabayit ɗaya, tana mayar da kuskure mai lamba 413, shafin kuma ba ya nuna wa mutum komai sai da'irar da take ta juyawa. An ɗaga iyakar, an saka saƙon da yake faɗin girman da aka yarda da shi. Na biyu, amsoshin da suke nuna an rubuta su kafin tambayarsu: wani ɓangare yana ajiye lokaci da agogon saba, wani da UTC, agogon bai-ɗaya na duniya. Yanzu komai UTC ne a rumbu, burauza ce take mayar da shi agogon mai karatu.

Talata, 3 ga Yuni

Wannan ta ci mana lokaci. Mutane kaɗan, duk masu Python, suna cewa idan suka kwafi kod daga amsa suka manna a kwamfutarsu, sai ya ƙi tashi, ya kawo `invalid non-printable character U+00A0`. A ido kod ɗin tsaf yake. Na kwafi amsoshi da dama ban ga komai ba. Da a tsohon tsari ne, a nan za a rufe rahoton.

Na roƙi ɗaya daga cikinsu ta turo mahaɗin ainihin amsar da ta kwafa. Na zuba rubutun a `hexdump`, shirin da yake nuna bayit ɗin da ke bayan kowane harafi. A farkon layin da ya kamata a ga 20 20 20 20, wato tazara huɗu, sai ga c2 a0 20 c2 a0 20. Tazarar da ba ta karyewa ce ta cakuɗu da ta gaskiya. A allo kamarsu ɗaya, a wajen Python kuwa ɗayar baƙuwar alama ce.

Daga ina ta shigo? Amsoshin da suke da ita duk an rubuta su ne da editan zamani mai maɓallan kauri da karkata, ba da akwatin rubutu na gargajiya ba. Editan yana amfani da `contenteditable`, hanyar HTML ta barin mutum ya yi rubutu kai tsaye a kan shafi, kuma burauzoji suna cusa wannan tazarar a irin wannan wuri idan mutum ya jera tazara fiye da ɗaya, saboda HTML yana murƙushe tazarar da aka jera ta koma guda. Tsofaffin amsoshi daga editan ba su da matsalar, ke nan akwai lokacin da ake tsabtace ta. `git bisect`, umarnin da yake nemo canjin da ya kawo matsala, ya nemo ranar. Yana raba tarihin canje-canje biyu a kowane mataki, don haka ko canji dubu ne, mataki goma ya isa. Ya tsaya a kan wani sabunta kod ɗin aro da aka gina editan a kansa, inda zaɓin da yake mayar da tazarar ya sauya suna, tsohon sunan ya zauna a saitinmu ba ya yin komai, ba ya kuma kuka.

Gyaran layi ɗaya ne. Gwajin da muka rubuta a kansa ya fi shi tsawo sau da yawa: a manna kod mai tazara, mai tab, mai alamar zance, a ajiye, a karanto, a kwatanta bayit da bayit. Gwajin ya kamo wata da ba mu nema ba. Allon rubutun wasu wayoyi yana mayar da alamar zance miƙaƙƙiya ta koma lanƙwasasshiya, wadda yawancin yarukan kod ba sa karɓa. Wannan ba za mu gyara ta a ɓoye ba, domin wani lokacin tambayar mutum a kan wannan alamar ce take. Idan shafin ya miƙar da ita, ya goge shaidar. Gargaɗi kawai za a nuna masa kafin ya tura.

An kuma ƙara maɓallin kwafa a kan kowane kod, wanda yake ɗauko rubutun daga tushe maimakon abin da aka zana a allo.

Alhamis, 12 ga Yuni

Wani ya gano cewa mahaɗin Markdown yana karɓar adireshi mai farawa da `javascript:`, ke nan ana iya saka mahaɗin da zai gudanar da kod a burauzar duk wanda ya danna. Sai ya rubuta shi a fili, da misali mai aiki, inda kowa yake karantawa. Mun ɓoye rubutun, muka toshe cikin sa'a guda: `http`, `https` da `mailto` kaɗai mahaɗi zai karɓa.

Wasu masu kula sun so a dakatar da shi. Ban goyi baya ba. Ya nemi inda zai kai rahoton sirri bai samu ba, kuma bai taɓa asusun kowa ba. Idan muka hukunta shi, na gaba zai ja bakinsa ya yi shiru, ko ya kai abin inda za a yi masa maraba. An yi masa godiya, an saka fayil ɗin `security.txt` a `/.well-known/` kamar yadda ƙa'idar intanet RFC 9116 ta 2022 ta tsara, da adireshin tuntuɓa da ranar ƙarewarsa. Mun kunna Content-Security-Policy, dokar da take faɗa wa burauza irin kod ɗin da za ta yarda ta gudanar, a yanayin rahoto kawai, mu ga abin da zai karya kafin a tsananta.

Talata, 17 ga Yuni

Bincike. Ƙorafin ya daɗe: neman sunan yaren kod irin C++ ko C# yana kawo shirme, neman Go ko R ba ya kawo komai. Matsala uku ce aka ɗora a kan juna. Akwatin nema yana tura kalmar cikin adireshi ba tare da ya sauya alamomin ba, alhali `+` a nan tazara ce, `#` kuma burauza ba ta ma aika abin da ya biyo bayanta zuwa saba. Sai sun koma `%2B` da `%23`. Wannan an gyara yau. Ko sun isa, fihirisar cikakken rubutu ta MySQL tana ɗaukar su a matsayin masu raba kalmomi, don haka C++ ya koma C. Sannan InnoDB ba ya saka kalmar da ba ta kai haruffa uku ba a fihirisa, sai an rage `innodb_ft_min_token_size` an sake ginawa.

Rage iyakar zuwa ɗaya zai kumbura fihirisar da tarkace. Abin da muka zaɓa shi ne, idan kalmar nema ta dace da sunan lakabin yare, a tace da lakabin maimakon a neme ta cikin rubutu. Bai warware neman abu irin `&&` ko `=>` ba. Wannan na nan buɗe.

Talata, 24 ga Yuni

Yau ranar buƙatu ce, waɗanda ba tangarɗa ba. Baƙin allo, wato zaɓin mayar da bangon shafin baƙi, shi ne kan gaba, kuma ba na musu da shi. Aikin ba a bangon yake ba, a launukan kod yake. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa shafuka ga masu naƙasa, tana neman bambancin haske na 4.5 zuwa 1 tsakanin rubutu da bango, kuma launin toka da muke yi wa sharhin kod bai kai ba ko a farin allon da muke da shi yanzu. Wani mai raunin gani ya faɗi haka tun tuni, rahotonsa yana can ƙasa ba wanda ya mara masa baya, yayin da na baƙin allo yake ta tara ƙuri'u. Nasa muka fara yi. Yawan ƙuri'a yana nuna abin da masu yawan zama a shafin suke so ne, kuma su ne dama suka fi kowa iya jure matsalolinsa.

Sai buƙatar a cire ƙuri'ar ragewa. Sababbin shiga suna cewa tambayarsu ta farko ta sha ragi ba wanda ya ce musu me ya sa. Tsofaffi suna cewa idan aka cire, tambayoyin da ba a yi wa wahala ba za su cika wurin. Kowa da gaskiyarsa, amma na lura da wani abu: da yawa daga tambayoyin farko da suka sha ragi a baya, dagulallen kod ne ya jawo musu, kuma mun riga mun san wanda yake dagula shi. Na nemi a jinkirta wannan muhawara har sabon editan da muke shiryawa ya yi wata biyu yana aiki.

Masu neman manhajar waya an ba su amsa a fili cewa ba za a yi ba a bana. Gara mutum ya ji a'a da dalilinta da a bar buƙatarsa tana lilo shekara biyu.

Litinin, 30 ga Yuni

Sabon editan ya fita ga kowa. Idan mutum ya manna abu mai kama da kod, ana tambayarsa ko a saka masa shi a akwatin kod, da dannawa ɗaya. Yana kuskuren ɗaukar saƙon kuskure mai tsawo a matsayin rubutun zube, musamman na Java, ana kan gyara wannan.

Imel ɗin sanarwa har yanzu yana faɗawa akwatin tarkace a wajen wasu. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta wa masu aika saƙo da yawa: SPF, DKIM da DMARC, hanyoyin tabbatar da ainihin wanda ya aiko imel, da hanyar fita daga jerin da dannawa ɗaya. Namu DKIM lafiya yake, SPF ne ya haura iyakar nema goma a DNS, kundin adireshin intanet, saboda tsofaffin shigarwa da ba a amfani da su. An rage su yau, rahoton DMARC na makon nan zai nuna ko ya wadatar.

Duk wanda ya kawo rahoton da aka gyara an tura masa saƙo da mahaɗin gyaran. Mai zargin tauye baki bai amsa ba. Tsofaffin rubuce-rubucen da fassararsu ta bambanta an bi kusan rabi, sauran na Yuli ne, tare da neman alamomi da tsananta Content-Security-Policy, wanda rahotonsa ya nuna sai an fara fitar da wasu guntayen JavaScript daga cikin shafukan zuwa fayil nasu.